Finjali na Uku

Talata, bayan sallar asuba

Na dafa gahawa, buta cike kamar kullum, finjali shida. Ba wanda ya zo.

Ban ga laifinsu ba. Jiya-jiya motar jandarma ta bar ƙofar gidan nan da ɗana na fari a bayanta, kowa na jin nauyin haɗa ido da ni. Na zauna a zaure har rana ta taɓa dokin ƙofa. Na sha nawa, na sha na ƙanena Safiyanu tunda cikinmu ɗaya, sauran na zubar a gindin bedi.

Laraba, hantsi

Mansura ta bugo daga Gazawa, daga ɗakin mijinta. Ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta ce, “Baba, in ranka ya ɓaci ka riƙa rubutawa, ka bar yi wa Inna tsawa.” To ga shi ina rubutawa. Sunansa dai ba zan rubuta ba. Ɗan fari ne, tun ranar suna bakina bai taɓa kama sunan nan ba, ba kuma a takarda zan fara ba.

Bari in yi maganar buta, ita ce ba ta shaƙe ni.

Daga Sabha na zo da ita, shekarun da na yi birkila a Libiya. Wasu sun dawo da rediyo, wasu da bargo, ni na dawo da ciwon baya da butar gahawa mai ƙugu kamar turmi. Hawa uku ce: ruwa a ƙasa, garin gahawa a ɗan mazurarin tsakiya, in ta ji wuta sai ruwan ya hau ta cikin garin ya taru a sama. Halinta ɗaya, kuma tun a shago aka faɗa mini: ba ta karɓar rabi. Shayi in mutum ya ƙaru ka ƙara ruwa, in ya ragu ka rage ganye. Wannan kuwa ta mutum shida ce, ko su zo ko kada su zo. Ka rage gari ta ba ka ruwan wanki, ka rage ruwa ta ƙone ta ba ka maɗaci. Tun kafin ka hura wuta sai ka san mutanenka.

Ni kuwa na san nawa, duk Gidan Sori an san su. Ni, da Safiyanu, da Mushe Ridwanu, tsohon malamin boko wanda ya ajiye alli a lakol, da Nomau maƙwabcina, da Dikko Bafillace mai ruga a bayan gari, wanda ke sauke mana nono kowace safiya ya karɓi finjalinsa. Na shida na mai hura wuta ne. Yau ni na hura, gawayin ya ƙi ni har sai da na durƙusa.

Alhamis, bayan asuba

Shida. Ba kowa.

Juma'a, la'asar

A masallaci Nomau ya matsa mini a sahu. Ban san sahun Juma'a na da fili haka ba, sai yau. Tsakanin kafaɗata da tasa akuya ta wuce.

Da aka fito Mushe Ridwanu ya miƙo mini kan yatsunsa, ya ce, “Malam Bakari, kwana biyu ka ji ni shiru. Likita ne ya hana mini kafe. Tansiyo.” Na ce Allah ya sawwaƙe. Shekara da shekaru mutumin nan yana lashe gindin finjalina yana gyara mini Faransanci, jininsa bai tashi hawa ba sai ranar Litinin.

Shanun Dikko aka kora, wannan kowa ya sani. Wai an ga babur ɗin ɗana a hanyar ruga da yammacin ranar, wai shi ya nuna wa ɓarayin inda garken ke kwana. Abin da ban sani ba shi ne yaushe mutanen garin nan suka zauna suka yi shari'ar har suka yanke, ina nan zaure ina wanke mazurari.

Dikko kam ban sa ran ganinsa ba. An ce yana daji yana bin sawu.

Ba zan yi maganar babur ba.

Asabar, hantsi

Na daina zubarwa a gindin bedi. Ƙasar na yin baƙi, masu wucewa rijiya suna kallo.

Kuma akwai Habi, uwargidana. Tun ranar ba ta leƙo ko soro ba. Duk abin da ta sani game da duniya, finjalan da ke komawa cikin gida ne. Jiya da ta ga huɗu sun koma a wanke ba ta taɓa tuwo ba. Yau na shanye shida ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowane a finjalinsa, na kai mata tire na ce, “Mutane na gaishe ki.” Ta ce tana amsawa. Ta ci tuwo.

Litinin, bayan la'asar

Na je Gidan Runji, inda jandarma ke tsare da ɗana, da fura da riga mai tsabta. An bar ni na gan shi kaɗan. Ya rame, kuma sun aske masa kai, sai ya koma mini kamar lokacin da yake aji uku.

Tun a mota na shirya tambaya ɗaya. Na juya ta, na gyara ta, na rage mata kaifi. Da na tsaya gabansa shi ya riga ni. Ya ce, “Baba, wa ka hura maka wuta?”

Na ce ni.

“Su Baba Safiyanu na zuwa?”

Na ce, “Kullum.”

Ya yi ajiyar zuciya, na ga kafaɗunsa sun sauka. Na dawo da tambayata yadda na tafi da ita.

Talata, bayan asuba

Shida. Hannuna na rawa, na zubar da rabin na Nomau a riga.

Laraba, hantsi

Yau na yi wauta. Zuciyata ta kwana tana kaɗa kalangu, sai na ce bari in yaudari butar. Na sa rabin ruwa, rabin gari. Na shagala ina kallon tabon man da babur ya bari a ƙasan zaure, tun ranar da suka ɗauke shi. Ban farga ba sai da na ji ƙauri. Ruwan ya ƙare, robar da ke riƙe ƙugunta ta narke gefe ɗaya. Yanzu in ta ji wuta sai ta riƙa tsartuwa ta gefe kamar mai wushirya.

Ta faɗa mini halinta tun a Sabha. Ita dai ba ta canza ba.

Na ja tabarma na rufe tabon. Ɗan nawa ya ce mini wani ubangidansa a Maradi ne ya ba shi babur ɗin ya yi kabu-kabu. Ban taɓa jin sunan ubangidan ba. Ban tambaya ba.

Alhamis, azahar

Na faɗa wa Mansura buta ta lalace, don in samu abin faɗa da ba kuka. Sai ta ɗauki abin da zafi. Mijinta Rabilu yana shiga Maradi kowace Juma'a, ta ce ya san wani shago a babbar kasuwa mai kayan Aljeriya, akwai irinta jere: ta mutum ɗaya, ta uku, ta shida, ta tara.

“Wacce za a saya maka, Baba?”

Na ce, “Wace irin tambaya ce wannan? Ta shida.”

Sannan ta ce, “Baba, ɗiyar Baba Nomau muna waya da ita.”

Na kashe. Ashe har Gazawa an san yawan takalman da ke ƙofar zaurena.

Juma'a, magariba

Rabilu bai saya ba. Wai Mansura ta ce a bari in yi tunani. Ƴar da aka yi wa wanka a ƙwarya a gabana, yau ita ke ba ni lokacin tunani.

Asabar, hantsi

Safiyanu ya zo. Da na ji sallamarsa har na miƙe, na kusa ture murhu. Tsohon banza.

Bai zauna ba. Ya tsaya bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana kallon rufi kamar ya zo duba gara. Na miƙa masa finjalinsa ya ce ya karya. Sannan ya ce, “Yaya, dammunan bana, ina ga kowa shi kai nashi rumbu nai.”

Tun rasuwar tsohonmu gandu ɗaya muke nomawa, rumbu ɗaya muke ɗiba. Na ce, “Me ya faru da rumbun?”

“Ba komi. Dangin mijin da ɗiyata Rufaida za ta aura ne, sun hwara magana. Ka san mutane.”

Na ce na fara saninsu.

Ya ce, “Ba don ni ba ne, Yaya.”

Na ce to. An ce ɗan'uwa rabin jiki. Ban san rabin na iya ɗaukar dammunansa ya tafi ba. Da ya fita na shanye nasa, ya huce, ɗaci kamar bedi.

Lahadi

Ba abin rubutawa.

Litinin, la'asar

Na faɗi a gona ina ɗaure dami. Ban suma ba, ƙasa ce ta taso ta same ni. Mai amalanke ya kai ni likita. Majo mai duba marasa lafiya ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya duba, ya sake ɗaurawa, ya ce, “Tsoho, me kake sha?” Na ce gahawa. “Finjali nawa?” Na ce na mutum shida. Ya ɗauka wasa nake, har ya yi dariya, da ya ga fuskata ya bari. Ya ce ɗaya a rana, in na ƙara ba ruwansa.

Tansiyo. Ciwon da Mushe Ridwanu ya ara ya yi ƙarya da shi, ni ya zo ya kama.

Talata, hantsi

Na shiga da tire, Habi na zaune a kan turmi. Ba ta karɓa ba. Ta ce, “Malam, aje nan ka zamna.”

Na ce ina da aiki.

“Aikin shan gahawar mutane?”

Na tsaya da tire a hannu kamar yaron mai shayi.

Ta ce, “Nomau ba shi shan abu sai cokali ya tsaya cikin sikari. Shekara nawa ina kankare gindin finjali nai? Dikko kuwa nono shika zubawa. Kwanan ga duk shida iri ɗai suka dawowa, baƙi wuluk, da shatar baki ɗai. Kuma tari ɗai nika ji daga zaure.”

Na ce to me ya sa ta yi shiru, har tana cewa tana amsawa?

“Na ga in na amsa kana cin tuwo.”

Ban yi mata tsawa ba. Mansura ta rubuta wannan a wani wuri. Na zauna a ƙasa kusa da turmin. Can ta ce, “An ɗauke mini guda. In kai ma ka kashe kanka don kunyar Nomau, wa za ni kai ma ƙara?”

Laraba, bayan asuba

Na buga wa Mansura na ce a sayo ta mutum ɗaya. Ta ce, “Baba…” Na ce ta ɗaya na ce, kuma ƙaramar cikinsu.

Laraba, azahar

Allah ya isa ban ce ba. Ina dai rubuta cewa ban ce ba.

Alhamis, hantsi

Ban yi niyyar hura wuta ba yau. Hannu ne ya saba. Na naɗe ƙugun butar da tsumma, tana tsartuwa tana huci, sai na ga inuwar sanda a bakin ƙofa.

Dikko. Ya yi baƙi, ya bushe, takalmin robarsa ɗaya a ɗaure da igiya. Ba ƙwarya a hannunsa. Ina zai samu nono?

Ya yi sallama ya shigo, ya zauna a wurinsa na kullum, jikin bango. Na rasa inda zan sa idona. Na ce, “Dikko, ya ƙarin haƙuri?” Ya ce, “Jam. Sai godiya.” Ya tambayi Habi, ya tambayi gero, ya tambayi bayana. Har Katsina ya kai da ƙafa, ya ce, sawu ya ɓace masa a kan kwalta.

Abin da butar ta iya fitarwa bai kai finjali uku ba. Na zuba masa. Ya juya fuskarsa bango kamar yadda ya saba, don har yau Dikko bai yarda a ga bakinsa yana motsi ba. Da ya gama ya kife finjalin, bai juyo ba ya ce:

“Bakari, ni ban ce shi ne ba.”

Na ajiye butar.

“Kuma ban ce ba shi ne ba. Ban gani ba. Allah ya gani.”

Na ce haka ne.

“Shanu sun tahi. Ina zamne a ruga, ba kuka na saniya, ba komi. Na ce to, shanu sun tahi, Bakari ma shi tahi? A'a. Wanga ya yi yawa.”

Ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya ce, “Buta naka ya tsufa.” Na ce gobe ma akwai. Ya ce in Allah ya kai mu.

Duk garin nan mutum ɗaya ne ke da hujjar ƙaurace wa zaurena. Na daɗe zaune bayan fitarsa, kuma ba zan rubuta abin da na yi ba.

Alhamis, la'asar

Na sake bugawa Gazawa. Na ce Rabilu ya sayo ta mutum biyu. Mansura ta ce shagon ba ta biyu, daga ɗaya sai uku. Na ce to wa zai sha na ukun, ni da majo ya kafa wa doka?

Ashe Habi na bayana. Ta ce, “Ku sayo ta ukun.”

Na rufe wayar da hannu na ce, “Ke da ko ɗanɗana ba ki taɓa yi ba?”

“Mai finjalin na nan tahe. Kahin nan ni riƙe mishi.”

Asabar, magariba

Ta iso a motar kasuwa, cikin kwali. Ƴar mitsitsiya, sai ƙyalli, kamar jikar waccan. Rabilu yaron kirki ne amma akwai karambani: ya haɗo da sabuwar roba ta babbar butar, wai mai shagon ya ce da an sa ta za ta koma kamar sabuwa. Na auna, daidai take. Na cire na sa a aljihu. Babbar na wanke ta na kife a kan katanga.

Lahadi, hantsi

Uku. Ni, Dikko, na ukun na kai ciki. Habi ta kurɓa ta yamutsa fuska kamar an ba ta sabara, ta ce, “A kan wanga abu kuka taruwa shekara da shekaru?” Ta shanye tas.

Gahawar ƙaramar ta fi daɗi, ko don ban sha shida ba ne.

Talata, bayan asuba

Uku. Safiyanu ya kwashe dammunansa jiya. Na ji amalanken, ban fita ba.

Laraba, la'asar

Gari ya ɗauka. Wai an ga shanu biyu masu tambarin Dikko a kasuwar Cadawa, an kama masu su, baƙi ne daga nesa. Wai sun faɗi sunaye, kuma ba sunan ɗan kowa a Gidan Sori. Wai mako mai zuwa za a saki ɗana. Wai, wai. Ni ba wanda ya kira ni daga Gidan Runji. Dikko ya tafi Cadawa ya gano, ya ce shanun nasa ne, sauran maganar bai ji da kunnensa ba.

Ina dawowa daga masallaci Nomau ya ɗaga mini hannu tun daga nesa, har da “Maƙwabci!” Na duba bayana ko da wani yake.

Na ɗaga tabarma na dubi tabon. Yana nan. Ko an sake shi ko ba a sake shi ba, ban sani ba ko zan taɓa yin tambayar nan. Na mayar da tabarmar.

Alhamis, hantsi

Sun zo.

Ina durƙushe ina hura gawayi, Dikko na jikin bango, sai ga sallama uku a jere. Mushe Ridwanu a gaba da carbinsa, Nomau, Safiyanu a baya yana kallon ƙasa. Kowa ya nufi wurinsa na da, ba wanda ya yi kuskure. Nomau har da ƙullin sikarinsa.

Mushe ya ce, “Malam Bakari, ai dama mun sani. Na ce musu yaron da ya bi ta hannuna a lakol ba shi yin haka.” Na ce ya tansiyo? Ya ce da sauƙi sosai.

Sai butar ta fara kuka, duk suka dube ta. Nomau ya yi dariya ya ce, “Kai, wagga ƴar tsana hwa? Ina babbar?”

Na ce robarta ta ci.

“Ai ana samu Maradi.”

Na ce haka na ji. Tana aljihuna na dama, ina jin ta a cinyata.

Na jera finjali uku. Na zuba na Dikko, ya karɓa ya juya bango. Na zuba nawa. Na zuba na uku, butar ta ƙare ƙaf, na girgiza ta a gabansu don kowa ya gani. Mushe na jan carbi, Nomau na juya ƙullin sikari. Safiyanu ne ya miƙo hannu, a hankali, yadda yake yi tun muna yara in na rage masa ɗumame. Wallahi sai da zuciyata ta motsa. Ƙanena ne, ni na goya shi zuwa gona.

Na ɗora tafina a kan finjalin.

Ya ce, “Yaya, na wa ne?”

Ban shirya ba. Shekara ashirin da bakwai ina cewa “wancan”, ina cewa “yaron nan”, ina cewa “kai”. Na buɗe baki a gaban ƙanena da maƙwabcina da malaminsa da mutumin da aka kore wa shanu, na ce:

“Na Yasin ne.”

Carbin Mushe ya tsaya. Dikko bai juyo ba, amma na ga ya daina sha.

Na ɗauki finjalin na miƙe, na ce su yi haƙuri, uwarsa na jira, ba ta son shi in ya huce.